Ruwa ɗaya, dokoki biyu: yadda biranen kan iyaka suka bambanta wajen magudanan ruwa da gurɓatar ruwan sama

Duk damina, ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje da tituna da kasuwanni yakan nemi gangare, ya kwashi abin da ya tarar a hanya, ya kai shi kogi ko tafki ko teku. A biranen da ke bakin iyaka, wannan ruwa kan tashi daga wata ƙasa ya ƙare a wata, alhali dokar da ke hukunta mai zuba shara a magudana tana tsayawa ne a shingen kwastan. Njamena da Kuseri kogi ne kawai tsakaninsu. Lome da Aflawo sun haɗe har baƙo ba ya gane inda ɗaya ya ƙare. Jibiya da Maraɗi gulbi ɗaya ne ya ratsa su. Ga mutumin da ke kwana a wani ɓangare yana kasuwa a ɗayan, kamar yadda Hausawa da yawa suke yi, bambancin dokokin nan yana iya jawo tara, ko ƙwace kaya, ko rushe gini, ko kuma ruwa a tsakar ɗaki. Wannan bayani ya tattara abin da dokokin suka ce, da waɗanda ke aiwatar da su, da inda suka saɓa wa juna.

Abin da ruwan ke ɗauke da shi

Milimita 1 na ruwan sama a kan murabba'in mita 1 daidai yake da lita 1. Ke nan idan aka yi ruwa na milimita 50 a dare ɗaya, rufin kwano mai faɗin murabba'in mita 100 zai zubar da lita 5,000, wato durom 25 mai cin lita 200. A daji ko a gona ƙasa tana shanye kaso mai yawa na wannan ruwa. A birni kuwa kwalta da siminti da kwano ba sa sha, don haka kusan duka sai ya bi indararo da rariya ya fito titi a lokaci guda. Gwargwadon yadda gari ke cika da gine-gine, ana kuma cike kududdufai ana gini a kansu, gwargwadon yadda ruwan ke ƙara yawa da ƙarfi.

Ruwan farkon damina shi ya fi ƙazanta, domin shi ke wanke dattin da ya taru tsawon rani. A cikinsa akwai leda da robobin ruwa, da yashin da aka jibge don gini, da baƙin mai daga garejin kanikawa, da ruwan wanka da wanki, da jini da taroso daga mahauta, da ruwan marina da na majema, da taki da maganin feshi daga lambunan bakin kogi. Mafi haɗari shi ne najasa daga salgar da ta cika ta tumbatsa, ko wadda aka fasa da gangan cikin dare don ruwa ya tafi da ita.

Illar iri uku ce. Leda da yashi suna toshe kwalbati, ruwa ya koma cikin gidaje. Ruwan da ya kwanta yana haifar da sauro. Najasa kuma tana shiga rijiyoyi marasa zurfi da kogunan da ake ɗiba, ta kawo amai da gudawa da zazzaɓin taifot. A 2010 annobar kwalara ta mamaye Najeriya da Kamaru da Cadi da Nijar a lokaci guda, ta hallaka mutane fiye da 2,000, kuma yankin Tafkin Cadi na cikin inda ta fi tsanani.

Idan masana'anta ce ke zubar da guba ta bututu ɗaya, kama ta ba wuya. Dattin ruwan sama kuwa daga dubban gidaje da rumfuna yake fitowa, kowa da ɗan nasa. Shi ya sa dokokin wannan fanni suka fi karkata ga ɗabi'un jama'a: me aka hana zubawa, wa zai yashe magudana, ina aka hana gini, da wace irin leda aka yarda a sayar.

Wa ke kafa doka

Akwai ƙa'ida ɗaya da kusan duk ƙasashen yankin suka haɗu a kai. Mafi yawan garuruwan nan ba su da babban bututun ƙarƙashin ƙasa mai kai ruwan datti wurin tacewa. Magudanar bakin titi, wadda ake kira caniveau da Faransanci, an gina ta ne don ruwan sama kaɗai. Ruwan wanka da na bayan gida wurinsa ramin cikin gida, wanda ake cewa puisard a ƙasashen Faransanci, sokawe a Najeriya. Bambanci yana fitowa ne wajen tsarin mulki.

A Nijar da Cadi da Kamaru da Togo da Benin, gwamnatin tsakiya ce ke rubuta manyan dokoki, galibi guda uku: dokar muhalli, da dokar ruwa, da dokar tsabtar jama'a. Ma'aikatar magajin gari tana fitar da umarni, wato arrêté, don aiwatar da su a cikin garinta. Saboda haka garuruwa biyu na ƙasa ɗaya suna ƙarƙashin doka ɗaya, sai dai wani magajin gari ya fi wani tsanani ko kuɗin aiki.

A Gana, dokar ƙananan hukumomi ta 2016, mai lamba 936, ta ba kowace majalisar gunduma ko ta birni ikon kafa ƙananan dokokinta da yanka tararta. A Najeriya matakai uku ne. Tarayya tana da hukumar NESREA, wadda aka kafa a 2007, da ƙa'idojinta na tsabta da shara na 2009. Kowace jiha tana da hukumar muhallinta. Tsarin mulkin 1999 kuma ya lissafa gina magudanai da kula da su da kwashe shara cikin ayyukan ƙananan hukumomi. Don haka a waɗannan ƙasashe biyu, garuruwa maƙwabta na cikin ƙasa ɗaya ma suna iya samun dokoki daban.

Njamena da Kuseri

Biranen biyu suna kallon juna a mahaɗar kogin Shari da na Logon, gadar Ngeli ce ta haɗa su. Ƙasarsu shimfiɗaɗɗiya ce, laka ta yi mata yawa, kuma mafi yawan ruwan shekara yana sauka ne tsakanin Yuli da Satumba. Daga nan sai kogunan su kawo cika a Oktoba da Nuwamba. Idan kogi ya cika ya fi bakin magudana tsawo, ruwan gari ba shi da mafita sai da inji.

Cadi ta kafa dokar kare muhalli mai lamba 14 ta 17 ga Agusta 1998, da dokar ruwa mai lamba 16 ta 18 ga Agusta 1999, da dokar tsabtar jama'a ta 2011. A Kamaru akwai babbar dokar muhalli mai lamba 96/12 ta 5 ga Agusta 1996, da dokar ruwa mai lamba 98/005 ta 14 ga Afrilu 1998, wadda ta hana zuba duk wani abu da zai ɓata ruwan koguna ko na ƙarƙashin ƙasa. Dokar tsara birane ta Kamaru ta 2004 kuma ta bayyana cewa filin da ke fuskantar ambaliya ko zaizayar ƙasa ba wurin gini ba ne. A takarda dai ƙasashen biyu ba su yi nisa da juna ba.

Nisan yana wajen matsayin garuruwan. Njamena babban birnin ƙasa ne, yana da gundumomi 10 da babbar ma'aikatar magajin gari, kuma nan ne kuɗin gwamnati da na masu ba da tallafi ke fara sauka. Akwai manyan magudanai irin su Canal des Jardiniers, da tafkunan tara ruwa, da tashar injinan zuƙe ruwa ta Lamaji a arewacin birnin. A 2023 Bankin Duniya ya amince da shirin PILIER na yaƙi da ambaliya a birnin. Kuseri kuwa hedikwatar sashen Logon da Shari ne, a jihar Arewa Mai Nisa, fiye da kilomita 1,000 daga Yawunde. Dokar ƙananan hukumomi ta Kamaru ta 24 ga Disamba 2019 ta ɗora wa ma'aikatun magajin gari aikin tsabta da kwashe shara, amma kasafin kuɗin ƙaramin gari ba ya kusa da na babban birni.

Batun leda ya fi komai nuna yadda doka ke tsayawa a bakin gada. Cadi ta hana shigo da leda tun 1992, amma ba a aiwatar da hanin sosai ba sai a 2010, lokacin da Marie-Thérèse Mbaïlemdana ta zama magajiyar garin Njamena ta bi kasuwanni da shi. Kamaru ta fitar da nata umarnin ne a 24 ga Oktoba 2012, ya fara aiki a Afrilun 2014. Ke nan wajen shekara huɗu ledar da ake ƙwacewa a kasuwar Njamena halal ce a kasuwar Kuseri. Ma'aunin ma ya bambanta: umarnin Kamaru ya shafi ledar da ba ta ruɓewa wadda kaurinta bai wuce maikiron 60 ba, maikiron ɗaya kuwa kashi 1 ne cikin 1,000 na milimita. Wadda ta fi haka kauri ba a hana ta ba, sai dai an ɗora wa mai yinta ko mai shigo da ita alhakin kula da shararta.

Ambaliyar 2022 ta tuna wa kowa cewa ruwan ɗaya ne. A 19 ga Oktoba na shekarar shugaba Mahamat Idris Deby ya ayyana dokar ta-ɓaci, bayan ambaliya ta shafi fiye da mutum miliyan ɗaya a Cadi. Gunduma ta 9 ta Njamena, wadda ke tsakanin kogunan biyu kuma ta ƙunshi Waliya da Tukra da Ngeli, ita ta fi shan wahala, yayin da unguwanni a Kuseri su ma suka nutse. An sake ganin irin haka a 2024. Akwai wani abu da masana ruwa suka daɗe da sani: ganuwar tare ruwa da aka ɗaga a gaɓa ɗaya tana rage wa kogi wurin malala, don haka tana iya ƙara wa ɗaya gaɓar nauyi. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa hukumomin biranen biyu su riƙa tsara aikinsu tare.

Lome da Aflawo

Lome na cikin manyan biranen ƙasa ƙalilan a duniya da ke manne da kan iyaka. Unguwar Kojobiyakope tana ƙarewa ne a shingen da Aflawo ke farawa. Tsohon garin Lome da Aflawo suna zaune a kan tudun yashi tsakanin teku da fadama, kuma ruwan ƙarƙashin ƙasa yana kusa ƙwarai, abin da ya sa salga da rijiya ke saurin haɗuwa. Damina biyu ake yi a shekara, babba daga Afrilu zuwa Yuli, ƙarama daga Satumba zuwa Nuwamba.

Togo tana da dokar muhalli ta 30 ga Mayu 2008, da dokar ruwa ta 14 ga Yuni 2010, da dokar shugaban ƙasa ta 5 ga Janairu 2011 wadda ta hana yin ledar da ba ta ruɓewa da shigo da ita da sayar da ita. A 2013 aka kafa hukumar tsabta ta ƙasa, ANASAP, mai yashe magudanai da kawar da juji. A 2019 aka kafa hukumar Babban Lome, wadda ta haɗa ƙananan hukumomi 13, bakwai na Golfe da shida na Agoè-Nyivé. Ruwan saman tsakiyar birni yana taruwa a jerin tafkuna, ciki har da na Bè, daga nan a fitar da shi teku ta bututu. A 2018 aka ƙaddamar da tafki na huɗu a gabashin birnin da tallafin Tarayyar Turai da Faransa, kuma a shekarar ce aka buɗe babban wurin binne shara na Akepe.

Wannan batu ya shafi Hausawan Lome kai tsaye. A 1977 hukuma ta tashi tsohon Zango daga tsakiyar birni ta mayar da shi arewa, inda ake kira Agoè-Zongo a yau, kusa da Togblekope. Wurin yana gefen kwarin kogin Ziyo, wanda ke malala idan an yi ruwa mai yawa a arewa, kamar yadda ya faru a 2008 lokacin da ambaliya ta karya gadoji ta yanke babbar hanyar ƙasa. A irin wannan unguwa, sanin inda aka hana gini kafin a sayi fili ya fi komai muhimmanci.

Aflawo tana ƙarƙashin majalisar birnin Ketu ta Kudu a jihar Volta, kusan kilomita 200 daga Akra. Majalisar ce ke kafa ƙananan dokokin tsabta, jami'an duba-gari kuma, waɗanda mutanen Gana ke kira tankas, su ke shiga gida-gida su ba da sammaci. Dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851, da dokar manyan laifuffuka ta 1960 duk sun hana zubar da shara da ƙazanta a inda zai cutar da jama'a. A Gana maganar takan kai gaban alƙali, har ma akwai kotunan tsabta a Akra. Aikin magudanai kuma a rabe yake: manya suna hannun hukumar kula da magudanai da gaɓar teku da aka kafa da dokar 2022, na bakin titi suna hannun hukumomin hanyoyi, ƙanana na cikin unguwa suna hannun majalisa. Idan kwalbati ta toshe, sau da yawa gardama kan tashi kan ko ta wace hukuma ce.

Gana ba ta bi hanyar Togo ta hana leda da doka ɗaya ba, ta fi karkata ga sa haraji a kan kayan roba da ƙarfafa sake sarrafa su. Saboda haka a nan ma ana iya samun kayan da ke halal a wannan gefe, haram a wancan.

Abin da ya fi girgiza Gana a wannan fanni shi ne daren 3 ga Yuni 2015. Ruwa ya cika dandalin Kwame Nkrumah a Akra bayan kogin Odaw ya tumbatsa, man fetur ya bi saman ruwan daga wani gidan mai, wuta ta kama, mutane wajen 150 suka rasu. Cikin makonni kaɗan hukuma ta rushe gidaje masu yawa a Old Fadama, inda 'yan arewacin ƙasar suka fi yawa, don buɗe hanyar ruwa. Babbar magudanar da ta ratsa Nima da Mamobi cikin Odaw ɗin take zuba. Darasin da mazauna zango suka ɗauka shi ne, dokar da aka yi shekaru ana kau da kai daga gare ta tana iya farkawa rana ɗaya, kuma talakan da ke bakin magudana ne take fara samu.

Jibiya da Maraɗi, Ƙonni da Illela

A kan iyakar Nijar da Najeriya ruwa yana kai da komo. Gulbin Maraɗi daga ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa kogin Gada, kuma an datse shi a Jibiya. Daga nan ya shiga Nijar ta Madarumfa, ya wuce Maraɗi da Tsibiri da Gidan Rumji, sannan ya komo Najeriya ya haɗu da gulbin Rima. Ke nan abin da aka zuba a Jibiya yana isa Maraɗi, abin da aka zuba a Maraɗi kuma yana komawa ƙasar Sakkwato. A tsakiyar Yulin 2018 ambaliya ta hallaka mutane fiye da 40 a Jibiya, kuma an tsinci gawarwakin wasu a ƙauyukan yankin Madarumfa. Garin Maraɗi kansa ambaliyar 1945 ce ta sa aka tashe shi daga kwari aka mayar da shi kan tudu.

A wajen Birnin Ƙonni kuwa Nijar ce a sama. Gulbin Magiya yana gangarowa daga Adar, an datse shi a Mozage da Zango don noman ranin Ƙonni, sannan ragowar ruwan ya nufi tafkin Kalmalo a ƙaramar hukumar Illela ta jihar Sakkwato.

Nijar tana da dokar muhalli ta 29 ga Disamba 1998, da dokar ruwa ta 1 ga Afrilu 2010. Dokar tsabtar jama'a ta 1993 ta hana zuba ruwan datti da baƙin mai da najasa a kan titi, ta kuma ba jami'an tsabta ikon bincike da cin tara. Dokar 5 ga Nuwamba 2014, mai lamba 2014-63, ta hana yin leda marar kauri da shigo da ita da sayarwa da amfani da ita, har da ajiye ta. Duk wanda ya shiga kasuwar Maraɗi ko ta Ƙonni ya san ledar ba ta ɓace ba, kuma ɗaya daga cikin dalilai shi ne maƙwabciyar da ake saro kaya daga gare ta ba ta da irin wannan doka. Majalisar wakilan Najeriya ta amince da ƙudurin hana leda a 2019, amma bai zama doka ba. Jihar Legas ce ta yi gaban kanta, ta hana robar zuba abinci ta kumfa a Janairun 2024, dokar da ba ta da iko a Katsina ko Sakkwato.

Abin da Najeriya ta yi fice a kai shi ne ranar tsabtar muhalli ta wata-wata, wadda ta samo asali daga shirin yaƙi da rashin ɗa'a na gwamnatin Janar Muhammadu Buhari da aka fara a 1984. A jihohi da dama, ciki har da Kano, ana hana zirga-zirga na wasu sa'o'i a safiyar Asabar ɗin ƙarshen wata, kowa ya share ƙofar gidansa ya yashe lambatunsa, kotun tafi-da-gidanka kuma tana yanke wa masu saɓawa tara nan take. Direba ko ɗan kasuwar da ya shigo daga Nijar bai san da wannan ba yana iya faɗawa hannu.

Irin wannan bambanci yana nan tsakanin Gaya da Malanbil, waɗanda kogin Isa ya raba. Benin ta kafa dokar hana leda a 26 ga Disamba 2017, shekara uku bayan ta Nijar, kuma ta tanadi tara da ɗauri ga masu yi da masu shigowa da ita.

Yarjejeniyoyin da ke sama da iyaka

Ƙasashen sun amince tun da daɗewa cewa kogunan na kowa ne. Hukumar Tafkin Cadi an kafa ta ne a 22 ga Mayu 1964, hedikwatarta tana Njamena, kuma a 2012 shugabannin ƙasashenta suka amince da kundin ruwa na yankin. Hukumar Kogin Neja, mai mazauni a Yamai, ta samu sunanta na yanzu a 1980, ta kuma samu kundin ruwanta a 2008. Nijar da Najeriya sun sa hannu a Maiduguri a 1990 kan yarjejeniyar raba ruwan kwaruruka huɗu: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maraɗi, Tagwai da El Fadama, da ƙarshen Komadugu Yobe. Togo da Gana kuma suna cikin yarjejeniyar Abijan ta 1981 kan kare teku da gaɓarsa.

Waɗannan takardu sun ɗora wa kowace ƙasa nauyin kauce wa cutar da maƙwabciyarta da sanar da ita manyan ayyukan da za su shafi ruwa. Amma magana ce tsakanin gwamnati da gwamnati, ta fi shafar madatsu da rabon ruwa. Ba ta ba jami'in tsabtar Kuseri ikon bin sawun baƙin man da aka zuba a Njamena ba, ba ta kuma daidaita ma'aunin leda ko yawan tara ba. Inda ake samun ci gaba shi ne idan magadan gari da sarakuna da shugabannin kasuwa na ɓangarorin biyu suka zauna da kansu, suka tsayar da lokacin yashe magudanai kafin damina, suka kuma riƙa sanar da juna idan kogi ya fara cika.

Abin da mazauni ko ɗan kasuwa ya kamata ya kiyaye

Na farko, dokar inda ƙafar mutum take ita ke hawa kansa, ko da takardunsa na wata ƙasa ne. Rashin sani ba ya hana tara.

Na biyu, kafin sayen fili ko fara gini a je ma'aikatar magajin gari ko ofishin majalisa a nemi izinin gini, wanda ake kira permis de construire a ƙasashen Faransanci, a kuma tambaya ko wurin hanyar ruwa ne. Takardar mai unguwa ko ta dillali ba ta hana rushewa. A tambayi tsofaffin unguwa iyakar inda ruwa ya taɓa kaiwa. Arhar fili a tsohon kududdufi ko bakin gulbi tana da dalili.

Na uku, kada a haɗa bututun banɗaki ko na wanka da magudanar titi. A haƙa rami a cikin gida, nesa da rijiya, a kira masu kwashe salga kafin ruwa ya sauka.

Na huɗu, masu gareji da wurin wankin mota da mahauta da marina su ne jami'ai ke fara dubawa. Baƙin mai a tara shi a durom, yashin gini kuma kada a jibge shi a bakin kwalbati.

Na biyar, mai ɗaukar leda ko robar abinci zuwa wata ƙasa ya fara binciken ko an yarda da irinta a can, domin abin da aka saya a fili a kasuwar gida yana iya zama kayan fasa-ƙwauri bayan an haye gada.

Na shida, idan an ci mutum tara ya nemi rasit mai hatimin hukuma, ya tambayi dokar da aka ce ya karya. Wanda bai iya Faransanci ko Ingilishi sosai ba ya nemi sarkin Hausawa ko sarkin zango ko shugaban ƙungiyar kasuwarsu ya raka shi.

Hausawa na cewa idan gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa. A garuruwan kan iyaka, ambaliyar da ta ci maƙwabta bana ita ce ke nuna inda za a fara gyara kafin daminar baɗi, kuma aikin yashe magudana da kwashe juji ya fi sauƙi a watannin rani, tun hadari bai haɗu ba.